Zanen da Ban Taɓa Shanyawa da Rana Ba

Shekara biyu da wata bakwai na yi ban shanya zanena da rana ba. Sai dare ya raba, gida ya yi tsit, nake ɗaukar bokiti in zagaya bayan ɗakin Inna in wanke zannuwana da tsummokaran da na yini ina ƙunzugu da su. In baza su a kan dangar kara, kafin kiran assalatu in kwashe, ko sun bushe ko ba su bushe ba. Da damina kuwa da danshinsu nake ɗaurawa. Duk wanda ya tambaye ni abin da na fi tunawa a ciwon yoyon fitsari, wankin nan nake fara gaya masa.

A wani ƙauye na gabashin Kano aka haife ni. An ɗaura mini aure a 2003 ina da shekara 16, kuma ban ƙi ba, don duk sa'o'ina sun riga ni. Akwati biyu aka kawo na lefe. A ciki akwai wani turmin atamfa mai ruwan bula da zanen tsuntsaye, wanda tun ranar da na gan shi na ce shi zan ɗinka na fitar suna. Da ciki ya bayyana, kakata ta zauna ta saƙa mini majanyi fari mai ratsin baƙi. Idonta ya fara rauni a lokacin, sai da ta yi wata guda a kansa.

Naƙuda ta kama ni ranar wata Talata da la'asar, maigidan yana Legas wajen ci-rani. Mu an tashe mu a kan cewa mace ta ƙwarai ba a jin naƙudarta, balle haihuwar fari. Sai na cije bakin zane. Kwana ɗaya ya wuce. A na biyu tsohuwar da ke karɓar haihuwa a garin ta duba ni ta ce gishiri ne ya tare hanya, ta sa aska. Babu wanda ya ce a tafi asibiti, domin mai ba da izini ba ya gari, kuma kowa na gudun a ce shi ya fitar da matar wani. A rana ta uku, da aka ga ba na gane mutane, aka ɗora ni a amalanken shanu zuwa bakin titi. Namiji ne. Ban gan shi ba. Na tambaya aka ce in yi haƙuri.

Bayan 'yan kwanaki na farka na ji tabarmata sharkaf. Na ɗauka ruwan haihuwa ne bai gama fita ba.

Sai daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta zana mini a takarda na gane abin da ya faru. In naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yana matse naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan kwanaki ya zube ya bar kafa. Ta nan fitsari ke bi, dare da rana, ba tare da mace ta ji zuwansa ba. Ta ce ita ma askar tana iya huda wurin. Ba aljanu ba ne, ba baki ba ne, ba kuma alhakin wani ba ne ya kama ni, kamar yadda na yi ta ji ana raɗa.

Wata huɗu bayan haka takardata ta iske ni a gidanmu. Ba zan ce na yafe a lokacin ba.

Hausa tana da wata kalma da nake yawan juyawa a raina: sutura. Da ita muke kiran tufa, da ita muke kiran rufin asiri, da ita kuma muke kiran abin da ake yi wa mamaci. A shekarun nan tufa ta daina yi mini sutura. Ita ce ma ke tona ni. In na tashi daga zaune sai na waiga na duba bayana. Na daina zuwa biki da suna, na daina zama a tabarma ɗaya da mutane. Na rage shan ruwa don in rage zubar, ashe hakan ke ƙara wari, ya kuma sa fatar cinya ta saɓule. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne salla, don na ɗauka babu mai karɓar sallar wadda tsarki ba ya zama a jikinta. Wata malama da ta zo wa'azin mata ce ta ja ni gefe ta ce mai irin lalurata tana da rangwame a addini, in yi alwala in yi sallata. Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ɗana.

A rediyo Inna ta ji ana cewa ana ɗinke masu yoyo a Asibitin Murtala na Kano. Ta sayar da tunkiyarta muka hau mota a 2006, ni a can ƙarshen kujera da leda a ƙarƙashina. A can na fara jin sunan Dakta Kees, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya zo Babbar Ruga ta Katsina aikin kuturta a farkon shekarun 1980, ya ƙare da zama likitan masu yoyo, ya kuma horar da likitocinmu da dama. Amma ba likita ne ya fara warkar da ni ba. Igiyar shanya ce.

Na shiga harabar da mata ke zaman jiran aiki da hantsi, sai na ga igiyoyi cike da zannuwa, rana na dukansu, babu mai ɓoye komai. Matan Maraɗi da Damagaram, Fulanin daji, 'yan Haɗeja, 'yan Bauci, wasu ba su kai ni shekaru ba, wasu sun haife ni. Na tsaya ina kallon shanyar. Kowane zane ya koɗe a wuri guda, a tsakiyar baya, inda fitsari da yawan sabulu suka cinye launi suka bar wani fari-fari mai kama da taswira. Ja ne, kore ne, mai tsada ne, na gwanjo ne, duk tambarin iri ɗaya. Wata dattijuwa ta miƙo mini bokiti ta ce, "'Yata, wanke ki shanya, nan duk mu ne."

Aikina ya yi kyau, alhamdulillahi. Na yi makonni da robar fitsari, ana ta sa mu shan ruwa. Da za a sallame ni aka ce in nisanci namiji wata shida, kuma duk cikin da zan samu nan gaba a asibiti zan haihu, ta hanyar tiyata. Ban koma ƙauye ba. Goggona da ke cikin birni ta riƙe ni, kuma sana'arta ita ce ƙulli. Marinan Ƙofar Mata, inda allon ƙofa ke cewa tun 1498 ake rini a wurin, maza ne ke tsaye a bakin karofi, amma zanen da ke fitowa a jikin yadi mata ne ke ƙulla shi a cikin gidaje, da zare da allura, babu mai ganinsu. Goggo ta koya mini yadda ake tattare farin yadi a ɗaure tamau. In aka tsoma shi a ruwan baba da toka ya fito, da fari kore-kore yake, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi. In aka kwance ƙullin, duk inda zare ya matse sai ya fito fari, don baba bai samu shiga ba. Na daɗe ina tunanin wannan. Wurin da aka fi matsewa shi ne ke zama adon.

Daga ƙulli na koyi keke, na buɗe ɗan shago a zauren Goggo. Na sake aure a 2011, na gaya masa komai kafin a kawo sadaki. 'Yata ta zo a 2013, ta tiyata, lafiya lau. Da nan labarin ya tsaya, da ban rubuta shi ba.

Wata rana a 2015 aka kawo mini amarya awo. Yarinya ce ƙarama, tana ta rufe fuska tana dariya, ƙawayenta na tsokanarta. Na zagaya tef a ƙugunta sai hannuna ya ɗauki rawa. Na so in ja uwarta gefe in ce, Hajiya, in ciki ya zo don Allah a kai ta awo, in naƙuda ta kwana kada a jira kowa. Bakina ya ƙi buɗuwa. Wace ce ni, tela, da zan kawo maganar fitsari a cikin hidimar biki? Na rubuta awon, na karɓi kuɗi, suka tafi.

Daren nan na buɗe ƙasan akwati na ciro zane guda da na hana kaina yarwa, wanda na zo Kano da shi. Na shimfiɗa shi a kan farin yadi, na bi gefen koɗewar da alli, na ƙulle ta kamar yadda Goggo ta koya mini. Marinin da na kai wa ya juya yadin ya ce, "Hajiya, wannan wane zane ne? Ba wata da taurari ba ne." Na ce masa taswira ce. Ya yi tsomi ya ƙara, har shuɗin ya kusa zama baƙi, tambarin ya fito fari fat a tsakiya.

Da shi na ɗinka doguwar riga. A tsakiyar farin na yanke kafa daidai faɗin yatsu biyu, na bi bakinta da jan zare, ɗinki a kan ɗinki, yadda ba za ta zare ba. Sai na tuna babbar rigar maza. Mun san aska biyu, mun san aska takwas, ana jera su a ƙirji inda kowa zai gani ya san mai rigar babba ne. Na ce mu ma ai muna da aska, sai dai tamu ba a ƙirji take ba. Na ɗinka aska ɗaya tak, a ƙasan cibiya, bakinta na kallon ƙasa. Na rataye rigar a bayan labulen shago. Ban yi don kowa ya gani ba, kuma ban san sunan abin da na yi ba.

Wata ɗaliba da ke karatun zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta gano ta, ta zo gyaran siket iska ta ɗaga labule. Ta daɗe a tsaye. Ta ce, "Anti, wa ya yi wannan?" Da na ba ta labari, sai ta ciro waya ta nuna mini hoton wata mata mai haɗaɗɗiyar gira da furanni a ka. Frida Kahlo, 'yar Meziko. Shan inna ya taɓa mata ƙafa tun tana yarinya. A 1925, tana da shekara 18, motar haya da take ciki ta yi karo, ƙarfe ya soke ta ta ƙugu. Ta rayu cikin tiyata bayan tiyata. Doguwar fatarin gargajiya da take sawa tana rufe ƙafar da ta shanye, amma filastan da likitoci ke ɗaure mata jiki da shi, zane take yi a kansa. A 1932 ta yi ɓari a wani asibiti a Amurka, ta zana kanta kwance a gado cikin jini. Da aka yanke mata ƙafa a 1953, ƙafar robar da aka yi mata jan takalmi mai ado ta sa mata. Ta rasu a 1954, aka kulle kayanta a wani ɗaki na gidanta, ba a buɗe ba sai 2004.

A shekarar da nake wanki cikin dare ke nan.

Ba komai na matar nan ya kwanta mini ba. Rayuwarta daban, addininta daban, kuma akwai zanenta da na kawar da kai. Amma na gane ta. Na gane macen da ke amfani da tufa ɗaya ta rufe ciwo, ta kuma nuna shi, ita ce kuma ke zaɓar wanne za a gani.

Daga nan na fara komawa wajen matan da ke jiran aiki, ina kai musu sabulu, ina roƙon kowace ta ba ni ƙyalle daga zanenta, daidai inda ya koɗe. Wasu suka ƙi, kuma ban ga laifinsu ba. Mata 41 suka bayar. Wata Bafulatana ta ce sai dai in ɗinka nata a ciki, ta yadda zai taɓa jiki amma ido ba zai gan shi ba, haka kuwa na yi. Wata ta ba ni tana cewa shekara goma sha ɗaya ke nan rabonta da shiga kasuwa. Na haɗa ƙyallayen na yi riga ta biyu, mai faɗi, wadda mace biyu za su iya shiga. Ban rina ta ba. Launin da ciwo ya bari shi na bari.

Da ɗalibar nan da abokan karatunta suka shirya ɗan baje kolin ayyuka a 2018, suka ce in kawo rigunan. Nan na fara ganin ɗayan gefen abin. Wani mai shirya nunin kayan ƙawa ya ce zai kawo 'yan mata dogaye su saka, a shafa musu baƙi a ƙarƙashin ido su yi kamar suna kuka, a kashe fitilu. Wata ƙungiya kuma ta aiko a ɗauke ni bidiyo, mai ɗaukar yana ta cewa in maimaita wurin mutuwar jaririn, wai muryata ba ta nuna damuwa ba. Na tattara kayana na ce a'a. Na ga yadda ciwon mace ke iya zama haja, a yi masa kwalliya a sayar wa masu tafi, ita kuwa mai ciwon tana can tana wanki. Kukan da za a zana da kwalli ba namu ba ne. Mu da muka yi shi, a ɓoye muka yi, fuska a bushe.

Sharaɗina ɗaya ne: wadda ta san ciwon ita za ta saka. Mata uku da suka warke suka yarda, biyu da niƙabi, ɗaya fuska a buɗe. Ni na saka mai askar. Ba mu yi rangwaɗa ba. Mun fito mun tsaya, sannan muka juya wa mutane baya, don a bayan tambarin yake. Shekaru na yi ina tafiya da baya-baya don kada a ga wurin nan.

Ɗakin ya yi shiru. Wani dattijo ya tashi ya fita, a bakin ƙofa yana cewa wannan tonon silili ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wata Hajiya mai gwala-gwalai ta kama hannuna a bayan fage ta ce ƙanwarta da wannan ciwon ta rasu a ƙauye, kuma sai yau ta furta wa wani. Da hotunan suka hau Facebook, aka yi ta zagi. Aka ce 'yar feminis ce, Turawa sun saye ta, tana so ta hana aure.

Sai da na tambayi ɗalibar ma'anar kalmar. Ta ce masu cewa mace mutum ce cikakkiya, a ba ta haƙƙinta. Na san akwai masu wannan suna da suke faɗin abin da ban yarda da shi ba, kuma ni ban taɓa cewa kada a yi aure ba, da aurena nake. Abin da na ce shi ne kada a aurar da yarinya ƙugunta bai ƙosa ba, kada ran mace ya tsaya jiran izinin wanda ke Legas, kada a sa wa mai naƙuda aska, kada a kori mace don ta yi ciwo a wajen haifa maka ɗa. In wannan ne laifin, ba daga Turai na ɗauko shi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, in za ta tura jaji, wato malamar da ta wakilta, ƙauyuka karantar da mata, malfa take ɗora mata ta naɗa mata jan ƙyalle, don duk wanda ya hango ta ya san wannan mace da izini take tafe. Ita ma da tufa ta yi magana. Hajiya Gambo Sawaba an yi mata aure tana da shekara 13, ta sha ɗauri sau 16 a kan gwagwarmaya, kuma sai a 1979 matan Arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa. Kakanninmu sun riga sun faɗa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da ya rage shi ne maza su san cewa a gidajensu ake yin sa.

Wadda na fi jin tsoron ta gani ita ce Inna. Ba ta zo baje kolin ba. Bayan wata biyu ta zo Kano ganin jika, ta shiga shago, ta ɗaga labulen da kanta. Ta sa tafin hannu a kan farin tambarin, ta bi gefensa da yatsa kamar mai karatu. Ta ce, "Ashe kin ajiye shi."

Na ce, "Inna, ki yafe mini in na tona mana asiri."

Ta zauna a kan buhun ƙyallaye. Ta ce duk daren da na fita wanki idonta biyu, tana jin ƙarar bokiti, tana ƙirga tsomi. Ta ce ba ta fito ba don kada in ji kunyarta. Sabulun da nake tararwa a kan dutse, wanda na ɗauka mantuwa ake yi, ita ke ajiyewa. Sannan ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba: kafin ni ta haifi biyu, duk ba su zo da rai ba, na farkon kwana uku ta yi a kan gwiwa. Shekara talatin da wani abu muna tare, ba ta taɓa faɗa ba. Ita ma an ce ta yi haƙuri.

Da za ta koma ta kwance ƙullin kayanta ta ciro majanyin kakata, fari mai ratsin baƙi, yana nan yadda aka naɗe shi a 2004, bai taɓa goyo ba. Ta ce, "Sa shi a cikin na matan nan."

Na yi wa babbar rigar ɗamara da shi. Yanzu ƙyallayen sun kai 63, don har yau ana aiko mini, wani lokaci a cikin leda ba suna ba saƙo. Turmin tsuntsayen kuwa yana ƙasan akwati, ban sa masa almakashi ba, na yaron ne. Amaren da ake kawo mini awo, ina jan iyayensu gefe in faɗi abin da ya kamata, wasu su gode, wasu ba sa dawowa. Rigar kuma duk ƙarshen damina nake wanke ta saboda ƙura da danshi. Ni da 'yata muke kama ta, don ta yi wa mutum ɗaya nauyi, mu baza ta a igiyar tsakar gida da azahar.